Daga Dutsen Zagami zuwa Hanyar Zariya: Yadda Ake Baje Kolin Ilimin Wata da Duniyoyi

Ranar 3 ga watan Oktoba na shekarar 1962, wani manomi yana cikin gonarsa kusa da ƙauyen Zagami a ƙasar Katsina, sai ya ji wata ƙara mai firgitarwa daga sama, kafin ya ankara wani abu ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya lume cikin ƙasa. Da aka tono abin, sai aka tarar dutse ne mai nauyin kilo 18, bayansa baƙi ƙirin saboda ƙunar da ya sha lokacin da yake keta iska, cikinsa kuma ruwan toka. An kawo dutsen Kaduna, aka ajiye shi a wurin adana duwatsu na hukumar binciken ma'adinan ƙasa, wadda hedikwatarta take garin nan a wancan zamani. Sai bayan shekaru masu yawa masana suka tabbatar cewa ɓallin duniyar Mars ne, wadda malaman falaki suke kira Mirrihu, kuma ya daɗe yana riƙe da matsayin dutsen Mars mafi girma da aka samu a doron ƙasa a dunƙule ɗaya.

Duk mai hankalin da ya ji wannan labari, abin da zai fara tambaya shi ne: yaya aka sani? Amsar tana da tsawo, amma ba ta fi ƙarfin ɗan sakandare ba. A shekarar 1976 wasu kumbuna biyu na Amurka masu suna Viking sun sauka a Mars, suka auna irin iskar da ke can da yadda sinadaranta suka cakuɗu. Shi kuwa dutsen da ya baro Mars, wani ƙaton dutse ne daga sararin samaniya ya doki ƙasar can da ƙarfin da ya wurgo ɓaraguzai waje, kuma zafin wannan duka ya narkar da wasu sassan dutsen suka zama ƙananan aljihunan gilashi, iska ta maƙale a cikinsu. Da masana suka fitar da wannan iska suka auna, sai ta zo daidai da abin da Viking ya auna, ta kuma saɓa wa iskar duniyarmu. An fara ganin haka a 1983 a jikin wani dutse da aka tsinto a ƙanƙarar Antatika, sannan a 1995 aka same shi a jikin na Zagami. Akwai kuma shaidar shekaru: dutsen Zagami ya daskare ne daga narkakken dutse kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, alhali ƙananan duwatsun da ke yawo tsakanin duniyoyi sun huce tun fiye da shekara biliyan 4, saboda haka dole ya fito daga wata babbar duniya da cikinta ya daɗe da zafi.

A ganina wannan tambaya ta "yaya aka sani" ita ce ma'aunin da ya kamata a auna kowane baje kolin ilimin sararin samaniya da shi. Ana iya cika babban ɗaki da hotunan 'yan sama jannati, da samfurin roka mai ƙyalli, da allunan da aka rubuta nisan kaza kilomita kaza, jama'a su shiga su ɗauki hoto da waya su fita, ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙaru da abin da zai iya kare shi a majalisar ƙofar gida ba. Baje kolin da ya amsa sunansa shi ne wanda yake miƙa wa mai kallo hujja, ya ba shi abin da zai taɓa, ko ya auna da ƙafarsa, ko ya jarraba da idonsa a daren gobe. Sauran abubuwan duk ado ne, kuma ado ba laifi ba ne matuƙar bai cinye kuɗin da za a yi aikin ainihi da shi ba.

Abu na farko da manyan gidajen baje koli suke tinƙaho da shi shi ne abin asali. Daga 1969 zuwa 1972 kumbunan Apollo na Amurka sun sauka a wata sau shida, mutum 12 suka taka shi, suka dawo da duwatsu da ƙasa masu nauyin kilo 382. Gidan tarihin jiragen sama da sararin samaniya na Smithsonian da ke Washinton, wanda aka buɗe a 1976, ya ajiye wani ɗan yanki daga cikin duwatsun Apollo 17 a inda kowane baƙo zai iya sa yatsa ya shafa, kuma yatsun jama'a sun goge shi har ya yi sumul. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, tana ba malaman makaranta aron wani faifan roba mai garai-garai da aka binne ƙwayoyin ƙasar wata iri shida a cikinsa, domin yara su duba da madubin ƙara girma. A 1973 kuma gwamnatin Amurka ta yanyanka wani dutse da Apollo 17 ya kawo, ta raba wa ƙasashe 135 kyauta, kowace ƙasa ta sami abin da ya ɗan haura giram ɗaya, kuma da yawa daga cikin waɗannan kyaututtuka sun ɓace a hannun waɗanda aka ba. Akwai darasi na daban a abin da ya faru a ƙasar Holan, inda wani babban gidan tarihi a Amsterdam ya riƙe wani dutse a matsayin na wata, sai a 2009 bincike ya nuna cewa tsohon itace ne da ya rikiɗe ya zama dutse. Ke nan abin asali ba ya wadatarwa sai an haɗa shi da tarihin hannayen da ya bi da kuma gwajin da aka yi masa, kuma wannan bayani ya cancanci a rubuta shi a gefen akwatin gilashin da manyan baƙaƙe.

Mu a nan ba mu da dutsen Apollo da za mu ba kowa ya shafa, amma yankinmu ba matalauci ba ne a wannan fanni. Ban da na Zagami, wani dutse ya faɗo a Mayo Belwa ta Adamawa a 1974, wani kuma a Gujba ta Yobe a 1984, kuma dukansu iri ne da ba a cika samu ba, waɗanda masana a duniya suke rububin nazari. Babban kaso na dutsen Zagami ya bi hannun dillalai ya fita waje, yanzu yankakkunsa suna gidajen tarihi da ɗakunan bincike na ƙasashe da dama, har ma an maƙala ɗan ƙanƙanin ɓallinsa a jikin kumbon Mars Global Surveyor da aka harba a 1996. Abin bai tsaya a tarihi ba, domin a watan Yulin 2025 gidan gwanjon Sotheby's a Amurka ya sayar da wani dutsen Mars mai nauyin kusan kilo 25, wanda aka tsinta a yankin Agadas, a kan dala miliyan 5.3, lamarin da ya sa gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Baje kolin da zai koya wa manomi da makiyayi yadda ake gane dutsen da ya faɗo daga sama, da baƙar ɓawonsa, da nauyinsa da ya kan zarce na duwatsun gida, da yadda yawancinsu suke jan mayen ƙarfe, ya yi aikin ilimi kuma ya yi aikin tsare dukiya.

Akwai wata magana da masu shirya irin wannan baje koli a ƙasar Hausa ba za su kauce mata ba, wato shakkun da mutane da yawa, har da masu ilimin boko, suke da shi kan cewa ɗan'adam ya taɓa taka wata. Kuskure ne a yi wa mai wannan shakku dariya, domin tambayar hujja yake yi, kuma hujjar tana nan. 'Yan Apollo sun bar wasu madubai a wata waɗanda har yau ake harba musu hasken leza daga ƙasa ya dawo cikin daƙiƙa biyu da rabi, kuma da wannan awo ne aka gano cewa wata yana ƙara nisa da mu da santimita 3.8 a kowace shekara. Tarayyar Sobiyet, wadda ita ce abokiyar hamayyar Amurka a lokacin, kuma wadda ta fi kowa son ta kama ta da ƙarya, ta aika kumbunan Luna marasa matuƙi sau uku daga 1970 zuwa 1976 suka ɗebo kimanin giram 300 na ƙasar wata, kuma abin da aka gani a cikinta bai saɓa wa na Apollo ba. Ƙasar Sin ta ɗebo giram 1,731 a 2020, ta sake ɗebo kusan kilo biyu daga bayan wata a 2024. Kumbon Indiya mai suna Chandrayaan-2 ya ɗauki hoton wurin da Apollo 11 ya sauka, ana ganin gindin kumbon da aka bari a can. Idan aka jera waɗannan shaidu a bango guda, kowacce da ƙasar da ta kawo ta da shekararta, mai kallo zai lura da kansa cewa ƙasashen da ba sa ga-maciji da juna ne suka haɗu a kan magana ɗaya.

Su kansu duwatsun sun faɗi abubuwan da hoto ba zai faɗa ba. Baƙaƙen tabon da muke gani a fuskar wata, waɗanda Turawa a zamanin baya suka ɗauka tekuna ne, shimfiɗaɗɗun filaye ne na narkakken dutse da ya malala ya daskare fiye da shekara biliyan 3 da suka wuce, kuma danginsa yana nan a tsaunukan Biu da wasu sassan Filato, inda aman wuta ya taɓa gudana. Fararen wuraren kuwa tsaunuka ne da suka fi tsufa, na wani farin dutse mara nauyi da ya taso sama lokacin da fuskar wata gaba ɗayanta take narke. Kamannin sinadaran duwatsun wata da na duniya shi ne ya ƙarfafa ra'ayin da yawancin masana suke kai a yau, cewa wata ya samu ne daga ɓaraguzan wani gagarumin karo da wata duniya mai girman Mars ta yi da tamu kimanin shekara biliyan 4.5 da suka wuce. Teburin da aka ɗora baƙin dutsen Biu kusa da dutsen Kufena ko na Kajuru, aka bar yaro ya ɗaga kowanne ya duba ƙwayoyinsa, ya fahimtar da shi bambancin dutsen da ya huce da sauri a sarari da wanda ya huce a hankali a ƙarƙashin ƙasa, kuma daga nan zuwa fahimtar tabon wata taku ɗaya ne.

Abu mafi wuyar koyarwa a wannan fanni shi ne girma da nisa, kuma a nan ne littattafan makaranta suka fi yi mana illa ba da gangan ba. Domin hoton ya shiga shafi ɗaya, sai a zana rana da duniyoyi takwas a jere kusa da juna, yaro ya tashi da tunanin cewa daga nan zuwa Mars bai fi daga nan zuwa wata da wani abin kirki ba. Faɗa masa cewa rana tana nesa da kilomita miliyan 150 ba ya gyara komai, saboda babu wanda ya taɓa tafiyar da zai kwatanta da wannan adadi. Maganin da aka gano shi ne a rage komai da ma'auni ɗaya, girma da nisa baki ɗaya, sannan a shimfiɗa shi a ƙasa mutane su taka. A Washinton akwai irin wannan da aka kafa a 2001, wanda aka rage komai sau biliyan 10. Ƙasar Suwidin ta yi wanda ya fi kowanne girma, inda wani ƙaton gini mai siffar ƙwallo a birnin Stockholm yake matsayin rana, Fuluto kuma yana wani gari mai nisan kilomita 300.

Kaduna tana da abin da ake bukata domin yin irin wannan, kuma lissafin ya faɗo daidai ƙwarai. A ɗauki ƙwallon ƙafa, mai faɗin santimita 22, a matsayin duniya. A wannan ma'auni wata zai zama ɗan ƙaramin lemo mai faɗin santimita 6, kuma wurinsa yana nesa da ƙwallon da mita shida da rabi da 'yan kai, wato kamar taku tara na babban mutum. Yawancin mutane idan aka miƙa musu lemon aka ce su ajiye shi inda suke zaton wata yake, ba sa wuce tsawon hannu, kuma mamakin da yake bayyana a fuskarsu lokacin da aka ja su baya shi ne darasin. Rana a wannan ma'auni da'ira ce mai faɗin mita 24, wadda za a iya zanawa da farin fenti a Dandalin Murtala, ita kuma ƙwallon duniya sai a kafa ta a nisan kilomita 2.6 daga wurin. Mars, mai faɗin santimita 12, tana kusan kilomita 4. Daga nan sai tazarar ta buɗe: Mushtari, wato Jupita, mai faɗin mita 2.4, tana kilomita 13 da rabi, can wajajen Rigachikun. Zuhal mai zobba tana kusan kilomita 25. Yuranus tana kilomita 50. Neftun kuwa, ta ƙarshe, tana kilomita 78, wato sai matafiyi ya kusa shiga Zariya. Duk wanda ya hau mota daga Kawo zuwa Zariya zai ratsa yawancin tsarin rana kafin ya sauka, kuma zai ga da idonsa cewa kusan dukkan tafiyar fili ne wayam. Idan wani ya tambayi inda za a kafa tauraron da ya fi kusa da rana, amsar ita ce babu wuri a doron ƙasa, domin a wannan ma'aunin ma nisansa ya kusa kilomita 700,000, kusan ninki biyu na ainihin nisan wata. Ginshiƙan siminti takwas da alluna masu rubutun Hausa da Turanci, da boko da ajami, su ne duk kayan aikin, kuma ba ruwansu da ɗaukewar wuta.

Wani wurin da muke da riba a kan ƙasashe da yawa shi ne kusancinmu da wata. A nan ba sai an roƙi mutane su damu da shi ba, domin azumi da salla da aikin hajji duk a kansa suke, kuma a daren 29 ga Sha'aban gari gaba ɗaya yana sauraron sanarwar fadar Sarkin Musulmi. Duk da haka, idan aka tambayi mutane dalilin da wata yake farawa siriri ya cika ya sake ramewa, da yawa za su ce inuwar duniya ce take rufe shi, wanda ba haka ba ne. Gwajin da yake warware wannan ba ya cin ko sisi. A rufe tagogin ɗaki, a kunna fitila ɗaya a tsakiya, a ba yaro lemo da aka soke da tsinke ya riƙe a gabansa sama da kansa kaɗan, sannan ya riƙa juyawa a hankali a inda yake tsaye. Lokacin da yake fuskantar fitilar, gefen lemon da ke kallonsa duhu ne. Da ya ɗan karkata hagu sai siririn haske ya bayyana a gefe ɗaya, jinjirin wata ke nan. Da ya ba fitilar kafaɗa sai rabi ya haskaka. Da ya juya mata baya sai lemon ya cika. Rabin wata kullum a haske yake, abin da yake canzawa shi ne yawan abin da muke hange daga cikin wannan rabin. Zagayen yana ɗaukar kwana 29 da rabi, shi ya sa wata yake yin 29 ko 30, shekarar Hijira kuma take yin kwana 354 ko 355, azumi ya riƙa matsowa da kwana 10 ko 11 a kowace shekara har ya zagaya damina da rani. Da wannan lemon ne kuma ake nuna dalilin da jinjirin watan da bai kai awa 15 da haihuwa ba yake da matuƙar wuyar gani da ido, saboda ya yi kusa da rana ƙwarai kuma yana faɗuwa jim kaɗan bayanta. Mai bayani ba mufti ba ne, hukuncin tsayuwar wata yana hannun masu shi, aikinsa kawai ya nuna yadda abin yake gudana.

Ramukan da suka cika fuskar wata su ma ana iya haƙa su a kan tebur. A cika faranti mai zurfi da garin rogo ko fulawa, a barbaɗa toka ko jar ƙasa a sama, a saki tsakuwa daga tsayin ƙirji. Rami zai fito da tudun baki a kewaye, farin garin da ke ƙasa kuma ya fantsama a kan tokar ya yi zane kamar haskoki, daidai da abin da ake gani a kewayen ramin Tycho a daren sha huɗu. Idan aka ci gaba da jefawa, sababbin ramuka za su hau kan tsofaffi, yaro ya gano da kansa ƙa'idar da masana suke amfani da ita, cewa wurin da ramuka suka fi yawa shi ya fi tsufa. Wata ba shi da iska ko ruwan sama da za su share tabo, shi ya sa sawun takalmin 'yan Apollo yake nan har yanzu.

Game da ɗakin kallon taurari, wato ginin nan mai rufin ƙwarya da ake haska sararin sama a cikinsa, ra'ayina ya ɗan bambanta da na masu ɗokinsa. Kamfanin Zeiss na Jamus ne ya ƙera na'urar farko a 1923, aka buɗe wa jama'a a birnin Munik a 1925, kuma amfaninsa shi ne yana iya gaggauta lokaci, ya nuna tafiyar shekara guda cikin minti biyar. Sai dai gininsa da kula da shi suna da tsada, ƙurar hunturu kuma ba ta raga wa irin waɗannan na'urori. Akwai na tafi-da-gidanka da ake hurawa da fanka, wanda yake ɗaukar aji guda, kuma akwai manhajar Stellarium ta kyauta da za a iya haskawa a farin bango da kwamfuta. Da waɗannan ya kamata a fara.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne sama da za a nuna ta zama samar Kaduna. Kayan koyarwar da ake sayowa daga Turai da Amurka an tsara su ne domin mutanen da suke can arewa da mu sosai, shi ya sa za a ga jinjirin wata a tsaye a gefe, alhali mu da muke digiri 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya mun fi ganinsa a kwance, bakinsa yana kallon sama. Tauraron arewa, wanda yake can sama a Ingila, a nan ɗan tashi kaɗan yake yi daga ƙasa, gini ko bishiya ma sukan tare shi. Allunansu suna bayanin yanayi huɗu na ƙasashen sanyi, mu kuwa damina da kaka da hunturu da bazara muka sani, kuma muna da abin da su ba su taɓa gani ba: sau biyu a shekara, a tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta, rana takan tsaya daidai tsakar ka a Kaduna, sandar da aka kafa a miƙe ta rasa inuwa. Haka nan a ranakun 27 ko 28 ga Mayu da 15 ko 16 ga Yuli rana takan daidaita a kan Ka'aba da misalin ƙarfe goma da minti ashirin na safe agogon Najeriya, wanda duk ya fuskanci rana a lokacin ya fuskanci alƙibla. Taurarin da kakanni suka sani su ma suna da gurbi: Kaza da 'ya'yanta, da Zara da ake gani kusa da wata da magariba, da Gamzaki mai fitowa da asuba. Waɗannan biyun na ƙarshe duniya ɗaya ce, Zuhura, wadda take bayyana da yamma na wasu watanni sannan ta koma asuba, kuma zafin ƙasarta ya haura digiri 460. Ya kamata kuma a bayyana tun daga ƙofa cewa wannan ilimi na lissafi da awo ne, babu ruwansa da duba ko faɗin abin da zai sami mutum, domin wannan ruɗani kaɗai ya isa ya hana wasu iyaye barin 'ya'yansu su zo.

Tarihin Najeriya a wannan fage ya cancanci bango guda, amma a faɗe shi yadda yake. A farkon shekarun 1960 akwai tashar NASA a Kano wadda take cikin jerin tashoshin da suka bibiyi kumbon John Glenn, ɗan sama jannatin Amurka, lokacin da ya zagaya duniya a Fabrairun 1962. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, wato NASRDA, a 1999, aka harba tauraron ɗan'adam na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha a Satumban 2003. Na sadarwa, NigComSat-1, da aka harba daga Sin a 2007, ya daina aiki a 2008 saboda matsalar fikafikansa masu tara hasken rana, aka maye gurbinsa a 2011. Yaron da yake son zama injiniya zai fi ƙaruwa da bayanin abin da ya lalace da yadda aka gyara a na biyu fiye da jerin hotunan manya suna yanke kyalle.

Wurare da ma'aikata ba su ne matsala ba. Akwai gidan tarihi na ƙasa a titin Ali Akilu, akwai filin baje kolin kasuwanci na duniya da ke tara dubban mutane a kowace shekara, akwai Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha da cibiyar fasaha ta sojojin sama, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, dukansu da ɗaliban kimiyya da za a iya horarwa. Wannan horo shi ne inda ya kamata kuɗi ya fi tafiya, saboda allo ba ya amsa tambaya. Idan yarinya ta ce, "Malam, to me ya hana wata faɗowa?" ana bukatar wanda zai iya ce mata, da Hausar da take ji, ai faɗowa yake yi kullum, sai dai gudun da yake yi a gefe, kusan kilomita ɗaya a kowace daƙiƙa, yana sa ya riƙa kuskure duniya. Madubin hangen nesa matsakaici guda ɗaya ya isa ya nuna ramukan wata, da zobban Zuhal, da watanni huɗu na Mushtari da Galileo ya gani a 1610. Lokacin da ya fi dacewa a Kaduna shi ne ƙarshen Oktoba da Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya sauko, kuma daren biyar zuwa tara ga wata ya fi daren sha huɗu, saboda a lokacin ne inuwa take fito da tsaunuka da ramuka, ga shi kuma wata yana sama tun bayan magariba, mata da yara suna iya kallo su koma gida da wuri.

Husufi shi ne gwajin da jama'a za su iya yi wa masu baje kolin kansu. Wata yana bin hanyar da ta karkace da digiri 5 daga ta rana, shi ya sa ba kowane wata ake husufi ba, kuma saboda rana ta fi shi faɗi kusan sau 400 ta kuma fi shi nisa kusan sau 400, yakan rufe ta cif idan suka daidaita. Waɗanda suke Gusau da Katsina ranar 29 ga Maris, 2006 sun ga gari ya yi duhu da hantsi. Ana iya rubuta na gaba a bango tun yanzu: ranar 2 ga Agusta, 2027 cikakken husufin rana zai bi ta Masar da Jidda da Makka, mu a nan mu ga wani sashe na rana ya rufe, sannan ranar 20 ga Maris, 2034 wani cikakken zai ratsa Najeriya daga wajajen Legas ya nufi Chadi. Kafin waɗannan ranaku akwai bukatar a koya wa mutane cewa kallon rana kai tsaye yana ƙona ido ba tare da an ji zafi ba, kuma baƙin tabarau ko gilashin da aka turara da hayaƙi ba sa karewa. Hanya mafi sauƙi ita ce a huda ƙaramin rami a kwali, a juya wa rana baya, a bar haskenta ya ratsa ramin ya sauka a kan farar takarda, inda za a ga siffarta tana raguwa daidai mintin da aka rubuta.